Kalma, Halitta da Alheri: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Ajin Baftisma a Tawa

Waɗannan tambayoyi an tattara su ne daga cikin waɗanda suke ta maimaituwa a ajin shirin baftisma, da taron matasa, da zumuntar mata a ikilisiyoyin Tawa da ƙauyukan Adar. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Wane ne ake kira Kalma a farkon Bisharar Yahaya?

Yesu Almasihu ne, ko da yake Yahaya bai ambaci sunan ba sai da ya kai aya ta 17. Ya buɗe da magana uku a cikin aya ɗaya: tun fil'azal akwai Kalma, Kalman yana tare da Allah, Kalman kuwa Allah ne. Ta farko tana nuna cewa ba shi da mafari. Ta biyu tana nuna cewa ana rarrabe shi da Uba, tun da ba a ce mutum yana tare da kansa. Ta uku kuma tana hana mu ɗaukarsa mala'ika, ko wani abu da yake tsakanin Allah da halitta. A aya ta 3 aka ce dukan abubuwa ta gare shi aka yi su, a aya ta 14 kuma aka ce Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu.

Matiyu ya fara asalin Yesu daga Ibrahim, Luka ya kai shi har Adamu, Markus ya fara da wa'azin Yahaya Maibaftisma a jeji. Yahaya shi kaɗai ya koma can bayan ranar farko ta littafin Farawa, domin mai karatu ya sani tun daga shafin farko cewa wanda zai gani yana jin ƙishirwa a bakin rijiyar Samariya, shi ne wanda ruwan kansa ya kasance ta wurinsa.

2. To wanne ne Kalmar Allah, Littafi Mai Tsarki ko Yesu?

Kirista suna faɗin haka game da duka biyun, amma ba a kan mataki ɗaya ba. Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ce rubutacciya, wadda Ruhu Mai Tsarki ya hure wa annabawa da manzanni, aikinta kuwa shi ne ta yi wa Almasihu shaida, kamar yadda shi da kansa ya faɗa a Yahaya 5:39. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta buɗe da cewa a dā Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa ta hanyoyi iri iri, amma a kwanakin nan na ƙarshe ya yi mana magana ta wurin Ɗansa. Saboda haka muna yi wa Almasihu sujada, Littafin kuwa muna karanta shi, muna yi masa biyayya, ba ma yi masa sujada. Wannan ne ma ya sa Kirista ba su taɓa jin tsoron mayar da Littafin cikin harsunan mutane ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma wanda ya ji Bishara da Hausa a Tawa bai sami ragi ba a kan wanda ya ji ta da Helenanci.

3. Me ake nufi da cewa Allah ya halicci duniya ta wurin Kalmarsa?

Abu na farko, bai yi ta da wani kayan da ya tarar ba. Magini yana bukatar yumɓu, maƙeri yana bukatar ƙarfe da gawayi, amma a Farawa 1 Allah ya ce bari haske ya kasance, sai ya kasance. Zabura 33 ta ce da maganar Ubangiji aka yi sammai, Ibraniyawa 11:3 kuma ta ƙara da cewa abin da ake gani ba daga abubuwan da ake gani aka yi shi ba. Al'ummomin da suka kewaye Isra'ila suna da labaran da alloli suke yaƙi da juna kafin a sami sama da ƙasa. A Farawa babu yaƙi, babu abokin gaba, babu wanda ya tilasta wa Allah. Rana da wata, waɗanda Masarawa da Babilawa suke bauta wa, ko sunayensu ba a kira ba a wannan sura, an ce da su babban haske da ƙaramin haske kawai, an kuma ba su aikin nuna lokatai.

Abu na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne cewa halitta ba aikin da aka gama aka juya baya ba ce. Kolosiyawa 1:17 ta ce a cikin Almasihu ne dukan abubuwa suke riƙe da juna, Ibraniyawa 1:3 kuma ta ce yana riƙe da kome da maganar ikonsa. Wannan yana da nauyi a ƙasar da har yanzu ake jin tsoron wata tsamiya ko wani dutse saboda iskokin da aka ce suna ciki. Duk abin da yake akwai, wanda ake gani da wanda ba a gani, halitta ne, yana kuma ƙarƙashin wanda ya yi shi. Ba a bauta masa, ba a kuma yi masa yanka don a lallashe shi.

4. Shin Kalman shi ma halitta ne, wato farkon abin da Allah ya yi?

A'a, kuma wannan tambaya ta girgiza ikilisiya fiye da kowace a ƙarni na 4. Wani limamin kirista a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya koyar da cewa Ɗan shi ne mafi ɗaukaka cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. A shekara ta 325 Sarki Konstantin ya tara shugabannin ikilisiya a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, suka ƙi koyarwar Ariyus, suka rubuta cewa Ɗan haifaffe ne, ba halitacce ba, zatinsa ɗaya ne da na Uba. An sake tabbatar da wannan a Konstantinoful a 381, shi ne kuma Shaidar Bangaskiyar da Katolika da yawancin ikilisiyoyi suke karantawa har yau. Wanda ya fi kowa shan wuya a kan wannan magana shi ne Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, aka kore shi daga kujerarsa har sau 5.

Hujjar Nassi a fili take. Yahaya 1:3 ta ce babu wani abin da aka yi wanda ba ta gare shi aka yi ba, don haka ba zai yiwu shi kansa ya shiga cikin jerin abubuwan da aka yi ba. Amma hujjar da Atanasiyus ya fi dogara da ita ta shafi ceto: halitta ba ta iya sulhunta halitta da Mahalicci, domin ita ma rayuwarta aro ce. Wanda ya yi mu da fari, shi ne kaɗai zai iya sabunta mu. A nan ne maganar halitta da maganar alheri suke haɗuwa, za a ga haka a amsa ta 9. Shaidun Jehobah, waɗanda kan ƙwanƙwasa ƙofofi da ƴan littattafansu, suna koyar da abin da ya yi kusa ƙwarai da na Ariyus, shi ya sa tambayar take dawowa ajin baftisma kusan kowace shekara.

Kalmar “haifaffe” ba ta nufin Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta jiki, Kirista ma suna ƙin wannan tunani ɗungum. Tana nufin cewa Ɗan daga Uba yake tun fil'azal, ba tare da wata rana da abin ya fara ba.

5. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna kiran Annabi Isa kalma daga Allah. Magana ɗaya muke yi?

Akwai inda aka haɗu, akwai inda aka rabu, kuma zumunci ya fi daɗewa idan an faɗi duka biyun. Alƙur'ani ya kira Isa ɗan Maryama kalma daga Allah a Ali Imrana aya ta 45 da Nisa'i aya ta 171, ya kuma tabbatar da cewa budurwa ce ta haife shi. Amma malaman tafsiri sun bayyana cewa an kira shi haka ne domin da umarnin “kasance” aka halicce shi, kamar yadda Ali Imrana aya ta 59 ta kwatanta shi da Adamu. Wato a Musulunci Isa ya samu ne ta wurin kalmar, a bangaskiyar Kirista kuwa shi ne Kalman da kome ya samu ta wurinsa, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 4. Ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma bai kamata matashin Kirista ya ɗauki ayar Alƙur'ani ya ce wa abokinsa tana faɗin abin da Yahaya ya faɗa ba, domin ba haka masu Littafin suka fahimce ta ba. A gari kamar Tawa, inda Kirista suke zaune tare da Musulmi, ya fi kyau mutum ya faɗi abin da ya gaskata da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 da ayar da take biye suka umarta.

6. Ashe ba ƙasƙanci ba ne a ce Mahalicci ya shiga jiki, ya ci, ya sha, ya gaji?

Ƙasƙantar da kai ne, Filibiyawa 2 ma haka ta kira shi, amma shi ya zaɓa, ba a tilasta masa ba. Tun ƙarni na 2 aka sami waɗanda suka ce jiki ƙazanta ne, wani ƙaramin allah ne ya yi duniya, Almasihu kuma kamar mutum kawai ya bayyana. Irenewus, bishop na Liyon a ƙasar da yau take Faransa, ya amsa musu wajen shekara ta 180 cewa Allahn da ya yi halitta shi ne Allahn da ya yi ceto, kuma ba ya jin kunyar aikin hannunsa. A 451 taron Kalsidon ya bayyana cewa Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah, cikakken mutum, ba a gauraya ba, ba a kuma raba ba. Abin da wannan yake nufi a zaman yau da kullum shi ne cewa jikin mutum yana da daraja. Ciyar da mayunwaci da jinyar majinyaci ba ƙaramin aiki ba ne da ake yi kafin a kai ga wa'azi. Asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950 a nan jihar Tawa, a kan wannan fahimta aka kafa shi.

7. A makaranta an koya mana cewa duniya ta yi shekaru biliyoyi, a majami'a kuma kwana 6. Wanne za mu ɗauka?

Masu bi na gaske sun rabu a kan wannan. Waɗansu suna ɗaukar kwanakin a kan awa 24, waɗansu a kan zamanai masu tsawo, waɗansu kuma suna ganin tsari ne da aka shimfiɗa don koyarwa, inda kwana uku na farko suke shirya wurare, uku na baya kuma suke cika su. Tambayar ba ta jira kimiyyar zamani ba. Agustin, babban malamin ikilisiya ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, ya lura cewa ba a yi rana ba sai a kwana na 4, ya kuma gargaɗi Kirista kada su riƙa faɗin shirme game da sama da ƙasa da sunan Nassi har waɗanda suka san abin su yi wa bangaskiya dariya.

Masana sararin samaniya a yau suna ƙiyasta shekarun sararin duniya a wajen biliyan 13.8, kuma wanda ya gabatar da ra'ayin cewa sararin yana faɗaɗa a 1927, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Shi kansa bai yarda a mai da lissafinsa hujjar addini ba. A ganin mai wannan rubutu, ɗalibin lise ko na jami'a ba ya bukatar ya ajiye hankalinsa a ƙofar majami'a, kuma ikilisiya ba ta da dalilin korar wani saboda yadda ya ƙidaya kwanakin. Abin da ba a sassautawa a kansa shi ne abin da aka faɗa a amsa ta 3.

8. Idan Allah ya ga duk abin da ya yi yana da kyau ƙwarai, daga ina fari da yunwa suka fito?

Wata dattijuwa da ta ga yunwar 1984 da idonta ta taɓa yin wannan tambaya a zumuntar mata, bayan an karanta Farawa 1. Ta gyara lulluɓinta ta ce, “Baba Fasto, ku gafarce ni, shekarar da muka tona gidan tururuwa muna neman hatsi, a wace rana cikin shidan nan aka halicce ta?” Faston ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Inna, ba a cikinsu take ba.” Amsar gajeriya ce, amma daidai take da Nassi. Farawa 3 ta nuna cewa tawayen mutum ya taɓa har ƙasar da yake nomawa, Romawa 8 kuma ta ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran ranar da za a ƴantar da ita daga ruɓa. Kyan halitta bai gushe ba, amma an ji mata rauni.

Sai dai a yi hattara da waɗanda suke saurin cewa farin wata shekara hukunci ne a kan wani ƙauye, ko ambaliyar da ta ci unguwannin Yamai a 2020 sakamakon zunubin mazaunansu ce. Yesu ya ƙi irin wannan lissafi sau biyu a fili: game da mutumin da aka haifa makaho a Yahaya 9, da kuma mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa a Luka 13. Abokan Ayuba da suka nace cewa lalle ya yi wani laifi, su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshe. Akwai kuma rabon da yake na hannun mutum ne tsantsa, kamar sare itatuwa, da ɓoye hatsi har ya yi tsada, da rashin adalci wajen rabon taimako, waɗannan ba a ɗora wa Allah su.

9. Mene ne alheri, kuma ina ruwansa da halitta?

Alheri shi ne Allah ya ba mutum abin da bai cancanta ba, bai biya ba, ba zai kuma iya ramawa ba. Yawancinmu mun fara jin kalmar ne game da gafarar zunubi, amma ta riga zunubi. Babu wanda ya roƙa a halicce shi, babu wanda ya yi wani aikin da aka saka masa da numfashi. Allah bai yi duniya don wata bukata tasa ba, Bulus ya faɗa wa mutanen Atina cewa ba a yi masa hidima kamar yana rashin wani abu, tun da shi ne yake ba kowa rai da numfashi da kome. Ya faɗa wa mutanen Listira, waɗanda ba su san Attaura ba, cewa ruwan sama da damina mai albarka shaida ce ta alherin Allah a gare su. Yesu ma ya ce Uba yana sa ranarsa ta fito wa mugaye da nagargaru, yana sako ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Hadarin da ya taso daga gabas ba ya tsallake gonar kowa saboda addininsa.

Ceto kuwa wannan hannu ne ya sake miƙowa, a wannan karo ga waɗanda suka riga suka juya baya. Bulus ya haɗa biyun a 2 Korintiyawa 4:6, inda ya ce Allahn da ya umarci haske ya haskaka daga cikin duhu, shi ne ya haskaka zukatanmu. A sura ta 5 ya kira wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta. Afisawa 2 ta fi kowace tsananin magana, domin ba ta ce mu marasa lafiya ne da aka ba magani ba, ta ce matattu ne aka rayar, ta kuma ce ceton baiwa ce ta Allah, ba ta wurin ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Matacce ba ya taimaka wa mai tashe shi, kamar yadda haske bai taimaka wajen kasancewarsa ba. Shi ya sa Yahaya, wanda ya fara da halitta a aya ta 3, ya kai ga alheri kan alheri a aya ta 16 ba tare da ya sauya wanda yake magana a kansa ba.

Mutane da yawa suna jin wannan koyarwa da nauyi, domin zuciya ta fi son lada a kan kyauta. Misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20 don irinmu aka ba da shi: waɗanda suka sha rana tun safe sun yi gunaguni da aka ba na ƙarfe biyar na yamma dinari guda daidai da su, ko da yake ba a rage musu ko kaɗan daga abin da aka yi ciniki ba.

10. Idan kyauta ne, me ya rage wa mutum ya yi? Ba an ce Allah ya ce tashi in taimake ka ba?

Wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tana da amfani wajen korar lalaci a gona da kasuwa, amma idan aka kawo ta wajen ceto sai ta juya tsarin, ta sa mutum ya fara, Allah ya biyo baya. Kusan abin da wani malami mai suna Pelajiyus ya koyar ke nan a farkon ƙarni na 5: cewa mutum yana da ikon kiyaye dokar Allah da ƙarfin nufinsa, alheri kuwa taimako ne da koyarwa. Wanda ya tsaya masa shi ne Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a 354 a Tagast, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Taron Kartaj ya ƙi koyarwar Pelajiyus a 418, taron Oranj kuma a 529 ya ƙara da cewa ko mafarin bangaskiya baiwa ne. Wata ayar da Agustin yakan maimaita ita ce 1 Korintiyawa 4:7, mai tambaya ko akwai abin da kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba.

Duk da haka ba a kira kowa ya naɗe hannu ba. Manomin Illela ko Badagishiri da yake gyara faƙo yakan haƙa tassa tun da rani, rami bayan rami a ƙasar da ta yi tauri har sai da diga, ya tara ƙasar a gefen gangare, ya zuba taki ɗan dunƙule a kowane, gara ta shiga ta huda ƙasan, sa'an nan ya jira. Ramin ba ya kawo ruwa, ko ɗigo ɗaya ba ya jawowa daga sama, amma idan ruwa ya sauka a nan yake tsayawa, a nan hatsi yake fitowa. Haka addu'a da karatun Nassi da tuba da zumunci suke, ba su sayen alheri, wurin karɓarsa ne, kuma ƙarfin yin su ma daga Allah yake, in ji Filibiyawa 2:13. Afisawa 2, wadda ta ce ba ta wurin ayyuka ba a aya ta 9, ita ce ta ce a aya ta 10 an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, Bulus kuma da aka tambaya ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya ce a'a, ko kusa.

11. Katolika da ikilisiyoyin bishara sun yarda da juna a kan wannan?

Sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato a bakin titi. Saɓanin ya fara da Martin Luta a Jamus a 1517, wanda ya nace cewa ana kuɓutar da mai zunubi ta wurin bangaskiya kaɗai. Taron Tarent ya ba da amsar Katolika a 1547, ya tabbatar da cewa alheri ne yake farawa, amma ya jaddada cewa alherin yana sāke mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Ogsburg, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah yake karɓar mu, ba don cancantarmu ba. Metodis suka bi a 2006. Ba dukan ikilisiyoyin bishara ne suka amince da wannan takarda ba, kuma bambanci yana nan game da sakramenti da matsayin lada. Amma ba daidai ba ne ɗan EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ya ce ɗan Katolika yana sayen ceto da aiki, ko ɗan Katolika ya ce ɗan EERN ba ruwansa da aikin kirki.

12. Tun da Allah ya yi halitta da magana, mu ma za mu iya furta arziki ko lafiya su kasance? Ayar Nassi kuma tana tsari kamar laya?

A'a ga duka biyun. Ana jin masu wa'azi a rediyo da wayoyin hannu suna cewa ka furta mota, ka furta aure, za su zo. Wannan ya rikita Mahalicci da halitta, wato ya rushe abin da aka kafa a amsa ta 3. Mu roƙo muke yi, ba umarni muke bayarwa ba. Bulus ya roƙa sau 3 a kawar masa da ƙayar da take jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi, ba kuwa don bangaskiyarsa ta gaza ba ne. Wannan koyarwa ta fi cutar da matalauci, domin bayan rashin da yake ciki sai a ɗora masa laifin rashin bangaskiya.

Haka kuma rubuta Zabura ta 91 a ɗinke a fata a rataya wa yaro, ko sa Littafin a ƙarƙashin matashi don korar mafarki, mayar da Magana laya ne. Ita wannan Zabura ce Iblis ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu kuwa ya ƙi ya gwada Allah da ita. Misalin mai shuka a Markus 4 ya nuna inda Magana take aiki: ga wanda ya ji, ya karɓa, ya riƙe.

13. Me zai faru da wannan halitta a ƙarshe?

Begen Kirista bai tsaya ga tafiyar rai sama ba. Shaidar Bangaskiya tana maganar tashin matattu, Wahayin Yahaya 21 kuma tana maganar sabuwar sama da sabuwar ƙasa, inda birni mai tsarki yake saukowa, Allah ya zauna tare da mutane. Jikin Yesu da ya tashi shi ne nunan fari, an taɓa shi, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Game da lokaci kuwa, Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, don haka duk mai ba da kwanan wata ya wuce gona da iri.

14. Idan haka ne, kula da ƙasa da itatuwa yana cikin aikin bangaskiya?

Yana ciki, tun kafin zunubi ma, domin Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gonar ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Mulkin da aka ba shi a sura ta 1 mulkin wakili ne, Zabura 24 ta ce duniya da duk abin da yake cikinta na Ubangiji ne. Attaura ta umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta 7, ta kuma hana sare itatuwa masu ƴaƴa ko a lokacin yaƙi. Paparoma Fransis ya rubuta doguwar wasiƙa a kan wannan a 2015.

Nijar tana da nata misali wanda duniya ta zo koyo. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa ƴan tsirran da ake sharewa a gona kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sassabe duka a ƙone, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da masu gatari. Manoma, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne, su suka ɗauki wannan sassaben zamani suka yaɗa shi gona zuwa gona, har aka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Gawo yana cikin itatuwan da aka fi bari, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Ikilisiyar da take da fili ko gona za ta iya fara wannan a sassaben bana, ba ta bukatar kuɗin dashe ko ban ruwa, sai wuƙa mai kaifi da yarjejeniya da maƙwabta da makiyaya a kan abin da ba za a sare ba.